Yadda mai ciwon kumburin tsoka zai fara motsa jiki a gida ba tare da ya jawo wa kansa matsala ba

Shekaru kenan ina aikin fisiyo, wato jinyar jiki ta hanyar motsa jiki, kuma duk sanda aka turo min mai ciwon kumburin tsoka, wanda likitoci ke cewa miyosaitis, maganar farko da nake ji kusan iri ɗaya ce, "ai an ce in dinga hutawa kar in wahalar da jikin." Toh gaskiya da can haka likitoci suke cewa, ana tsoron in tsoka mai kumburi tayi aiki kumburin zai ƙaru. Sai a shekarun 1990 aka fara gwadawa a tsanake, kuma a 1999 Helene Alexanderson da Ingrid Lundberg na cibiyar binciken lafiya ta Karolinska a ƙasar Suwidin suka fitar da sakamakon mutum 10 da suka yi atisaye a gida, minti 15 motsa jiki minti 15 tafiya, kwana 5 a sati har sati 12, aka duba jininsu da hoton tsokar da ɗan yankin naman da aka ciro ba a ga kumburin ya ƙaru ba, su kuma sun samu ƙarin kuzari. Tsarin da zan baka yana kama da wancan, na ɗan gyara shi da abinda na gani a hannu.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga. Ciwon nan garkuwar jiki ce ke faɗa da tsoka, yafi kama cinyoyi da ƙugu da kafaɗu da wuya, shi yasa tashi daga kujera, hawa bene, taje kai da shanya kaya suke zama aiki. Amma ba ciwon kaɗai ke cin ƙarfinka ba. Maganin firedinisolon da ake bayarwa da yawa tsawon watanni shi ma yana ramar da tsokar cinya, sannan kwanciyar da kake yi wuni guda tana ƙara cin nata rabon. Magani yana kashe kumburi, amma ƙarfin da ya tafi sai tsokar tayi aiki yake dawowa, ba wata ƙwaya da zata dawo maka dashi kana kwance.

Kayan da zaka tanada

Kujera mai ƙarfi mai hannu, wadda bata da taya kuma bata lotsawa, ka jingina ta da bango. Matashi ɗaya ko biyu masu tauri na ƙara mata tsayi. Gado mai katifa mai ɗan tauri, in kana iya sauka ƙasa ka tashi da kanka to tabarma ma tayi, amma in baka iyawa dan Allah kar ka sauka, a gado za'a yi komai. Robar ruwa guda biyu ta rabin lita, in ka cika kowacce nauyinta kusan rabin kilo ne, ta lita ɗaya kuma kilo ɗaya, kaga ka samu abin ɗagawa ba sai ka nemi ƙarfen jim ba. Robar atisaye mai miƙewa in da hali, mafi laushinta zaka fara da ita, in babu robar ruwa ta isa. Ƙaramin tawul, sanda mara nauyi kamar ta tsintsiyar mofa, takalmi kambas mai kama ƙafa, agogo ko waya, sai littafi da biro. Littafin nan kar ka raina shi, ni a wajena yafi robar muhimmanci.

Wanda ciwon ya taɓa masa huhu yana da kyau ya samu ɗan na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar oksijin a jini.

1. Fara da likitanka

Kar ka fara komai sai likitan da ke dubaka ya sani. Tambayoyi uku zaka yi masa: ciwon yanzu yana tashe ne ko ya lafa, zuciyata da huhuna lafiya, ƙashina fa? Dalili, wannan ciwo a wasu mutane yana taɓa huhu ya sa haki da busasshen tari, musamman masu wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira anti-Jo-1 a jini, a wasu yana taɓa zuciya, shi kuma firedinisolon yana sa ƙashi ya yi laushi ya kuma tada suga da hawan jini. Ka kuma san wane iri ne naka. Folimiyosaitis da damatomiyosaitis, wato mai zuwa da ƙuraje a fatar ido da bayan yatsu, suna jin magani kuma ƙarfi yana iya dawowa sosai. Akwai kuma wanda ake kira IBM, yafi kama waɗanda suka haura shekara 50, yana cin gaban cinya da tsokar lanƙwasa yatsu a hankali kuma baya jin magungunan da sauran ke ji, shi atisayensa na riƙe abinda ya rage ne da kare mutum daga faɗuwa.

In akwai likitan fisiyo a kusa, ko sau biyu ne kaje ya ga yadda kake yi ya gyara maka, in babu ka nuna wa likitanka wannan tsarin ya cire abinda bai dace da kai ba.

2. Auna kanka ka rubuta

Ranar farko ba atisaye, awo ne. Zauna a kujera, a cikin daƙiƙa 30 sau nawa ka tashi tsaye ka koma? Rubuta, ka kuma rubuta ko da hannu ka tashi da matashi nawa ka ɗora. Ɗaga hannu gaba zuwa sama sau nawa kafin ya gaji. Yi tafiya a fili mai laushin hanya, minti nawa kafin kaji dole ka tsaya. Duk sati 4 zaka maimaita wannan awon.

Sai ma'aunin gajiya, daga 0 zuwa 10, irin wanda Gunnar Borg ya tsara. 0 kana zaune ba abinda kake ji, 10 iyakar ƙarfinka kenan. A satittikan farko ka tsaya a 3 zuwa 4, wato kana jin tsokar tana aiki amma da za'a ce ka ƙara sau uku zaka iya. Bayan kowane motsi ka rubuta lambar.

Na taɓa samun wata baiwar Allah da tazo bayan wata biyu ranta a ɓace tana cewa ba abinda ya canza, muka buɗe littafin, ranar farko sau 3 ta tashi da matashi biyu tana dafa hannun kujera har tana karkaɗa jiki gaba da baya kafin ta iya cirar kanta, ranar da tazo kuma sau 7 da matashi ɗaya. Shiru tayi tana kallon rubutun hannunta. Ƙarfi a ciwon nan a hankali yake zuwa yadda mai shi baya lura, sai takarda ta nuna masa.

3. Ɗumama jiki

Minti 5. A zaune ko a tsaye kana dafe da kujera, ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai maci, juya kafaɗu, juya idon sawu. Ka zaɓi lokacin da jikinka yafi saki a rana ka tsaya akansa, da yawa sun fi jin daɗi da hantsi bayan sun sha magani, ba da farkawa daga barci ba.

4. Ƙafafu da ƙugu

Nan ne zuciyar aikin, nan zan daɗe.

Tashi daga kujera. Matso bakin kujera, ja ƙafafu baya su zo ƙarƙashin gwiwa, a buɗe daidai faɗin kafaɗa, sunkuyo gaba har hancinka ya zo saitin yatsun ƙafa sannan ka miƙe. Komawa kuma a hankali, ƙirga ɗaya biyu uku kafin ɗuwawu ya taɓa kujera. Kuskuren da kusan kowa keyi shine ya saki jiki ya faɗa kujera jagwab, wannan ba atisaye bane kuma yana bugun ƙashin baya. In baka iya sauka a hankali, kujerar ce tayi maka ƙasa, ƙara matashi. Ba abin kunya bane ka fara da matashi biyu da dafa hannu, ci gaban shine cire matashi ɗaya bayan ɗaya. Fara da sau 5.

Matse gaban cinya. Kwanta a gado ko ka zauna ka miƙe ƙafa, naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin gwiwa, danna gwiwar akan tawul har diddige ya ɗan tashi, riƙe daƙiƙa 5 ka saki. Sau 10 kowace ƙafa. Wannan ko mai rauni sosai yana iyawa, kuma ga mai IBM shi nake fara bayarwa.

Miƙe gwiwa a zaune. Zauna sosai, miƙe ƙafa ɗaya har ta yi sambal, riƙe daƙiƙa 2, sauke a hankali. In ya zama wasa sai a ɗaura roba a ƙafar kujera da idon sawu.

Ɗaga ɗuwawu. Kwanta rigingine, lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa a kan gado, matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu sama. In bai tashi ba ko kaɗan ba komai, matsewar kawai kayi kana riƙewa daƙiƙa 5, wata rana zakaji ya ciru.

Buɗe ƙafa gefe. Asalinsa a kwance ta gefe ake ɗaga ƙafar sama, amma ga da yawa yana da nauyi da farko, don haka kayi shi a rigingine kana zame ƙafar gefe a kan zanin gado kana dawo da ita, ko a tsaye kana dafe da bayan kujera. Yatsun ƙafa su kalli gaba, jiki kar ya karkata ɗaya gefen. Wannan tsokar ita ke hana tafiyar rangaji da zaka ga masu ciwon nan suna yi.

Ɗage. Dafa kujera, tashi a kan yatsun ƙafa ka sauka, sannan ka ɗaga yatsun ka tsaya a diddige. Sau 10.

Hawa matakala kuwa ka bari sai tashi daga kujera ya kai sau 10 lafiya. Matakala ɗaya ta ƙasa, mai abin dafawa, hau da ƙafa ɗaya ka sauko. Farkon aikina na yi kuskure anan, wani dattijo ya zo da zafinsa yana so ya koma hawa benensa, na biye masa muka yi ta hawa da sauka matakala da yawa a zama ɗaya, kwana uku bai iya tashi daga gado shi kaɗai ba, kuma sai da na sha wahala kafin ya yarda ya sake gwadawa. Saukowa tafi hawa cin tsoka, saboda tana riƙe nauyi tana miƙewa lokaci guda, tun daga ranar nake shigo da ita kaɗan kaɗan. Mai IBM kuma gwiwarsa tana iya lanƙwashewa ba sanarwa, kar yayi wannan sai da mutum a gefensa.

5. Kafaɗu, wuya da hannu

Kwanta rigingine, riƙe sanda da hannu biyu, ɗaga ta daga cinya zuwa saman kai iya inda ta kai ka dawo. A kwance yafi sauƙi kuma hannu mai ƙarfi yana taimakon mai rauni. In wannan ya samu sai ka koma tsaye gaban bango kana zame tafin hannu sama da tawul a ƙarƙashi. Bayan shi ɗaga hannu ba komai a ciki, gaba sannan gefe, sai robar ruwa rabi, sai cikakkiya. Ka kalli madubi, in kaga kafaɗa tana hawa kunne ko kana gantsarewa baya don hannu ya tashi, nauyin yayi yawa, rage ruwan.

Tura bango: tsaya taku ɗaya daga bango, tafin hannu a kai, lanƙwasa gwiwar hannu ka matso ka tura kanka baya.

Wuya yana son lallaɓawa. A kwance, ja haɓa ciki kamar mai cewa eh a hankali, riƙe daƙiƙa 5. Sai bayan wannan ya zauna zaka gwada ɗaga kai kaɗan daga matashi, sau 3 zuwa 5 ya isa. In yana jawo ciwon kai ko jiri ka bar shi.

Yatsu, musamman ga mai IBM: matse naɗaɗɗen tawul ko ƙwallo mai laushi, haɗa babban yatsa da kowane yatsa, lanƙwasa kan yatsu ɗaya ɗaya, in wani baya lanƙwasuwa ka taimaka masa da ɗaya hannun don kar gaɓar ta ƙage.

A duk waɗannan kar ka riƙe numfashi. Fitar da iska lokacin yunƙuri, in kana mantawa ka dinga ƙirga da baki a bayyane, mai ƙirgawa baya iya riƙe numfashi. Riƙewar tana tada hawan jini.

6. Tafiya

Ka fara da abinda awonka ya nuna ka rage kaɗan, in minti 8 ne iyakarka yi 5 sau biyu a rana, kana ƙara minti 1 ko 2 duk sati har ka kai 15, daga nan a nufi 30. Saurin da ya dace shine wanda zaka iya magana da na kusa da kai amma kana jin numfashi ya ɗan ƙaru. In jimla ɗaya bata fita sai ka tsinke, rage. Mai tsoron faɗuwa ya riƙe sanda ko yayi a cikin ɗaki kusa da bango, ko keken motsa jiki na tsaye in akwai, cikin ruwa ma yana da daɗi don ruwa na ɗauke nauyi, sai dai a tabbatar akwai hanyar fita mai sauƙi da mai taimako, don jiki yana yin nauyi sosai lokacin fitowa.

Mai damatomiyosaitis rana tana tada masa ƙuraje, ya fita da safe ko da yamma, ya rufe fata ya shafa man kariyar rana. Mai matsalar huhu ya duba na'urar yatsa, likita ya faɗa masa lambar da zai tsaya akai, yawanci in ta sauka ƙasa da 90 ana tsayawa a huta. Mai suga ya auna kafin ya fita.

7. Miƙa

Bayan an gama, jiki da ɗumi. Sha-raɓa, bayan cinya, gaban ƙirji da kafaɗa, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 30 ba fizga, ja mai daɗi banda zafi. In akwai ƙulluttai masu tauri a ƙarƙashin fata, waɗanda sinadarin kalsiyam ke taruwa a ciki, kar a danne su kar a murza.

8. Washegari ce alƙali

Ko kayi daidai ko ka wuce gona da iri, ba a lokacin zaka sani ba, sai gobe. In ka tashi da ɗan tsamin jiki a inda yayi aiki amma kana yin abinda ka saba, daidai ne, tsamin yakan kai kwana biyu ya wuce. In kuwa ka tashi kafi jiya rauni, abinda kake iyawa ya gagara, ko gajiyar ta kwantar da kai wuni guda, toh yayi yawa, huta kwana ɗaya ko biyu ka dawo da rabin adadin. Ba dainawa zaka yi ba.

Akwai ranar da zaka tashi garau kaji kamar ka warke, ranar ce mafi haɗari, mutum sai ya ninka komai ya haɗa da aikin gida da ya taru sannan ya kwanta kwana huɗu. Abinda ke littafi shi zaka yi ko jiki na daɗi.

Ƙari kuma ga yadda nake yi. Daga sau 5 a hau zuwa 10, sannan zagaye biyu da hutun minti 1 ko 2 a tsakani. In kayi zama biyu a jere lambar gajiya bata wuce 3 ba kuma washegari lafiya, ƙara abu ɗaya tak, ko adadi ko nauyi ko cire matashi, kar a haɗa, don in matsala ta zo a san daga ina take. Mai sauƙin nan ana iya yinsa kwana 5 a sati. In ciwo ya lafa watanni kuma likita ya yarda aka koma nauyi sosai, irin wanda sau 10 kawai kake iya ɗagawa gajiya tana kai 5 zuwa 7, to kwana 2 ko 3 a sati ne da ranar hutu a tsakani, kuma wannan matakin na fi so ayi shi gaban likitan fisiyo.

9. Alamomin tsayawa

Ciwon ƙirji, bugun zuciya ba tsari, jiri kamar zaka faɗi, haki da bai lafa da hutu ba, ka tsaya nan take a nemi asibiti. Fitsari yayi duhu kamar baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, wannan alamar tsoka tana narkewa ce kuma yana iya taɓa ƙoda, ranar za'a je ba gobe ba. Ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya ga mai shan firedinisolon a duba ƙashin. Zazzaɓi ko wata cuta ta kama ka, ajiye atisaye sai ka warware, magungunan nan suna rage garkuwa.

Tashin ciwon kansa daban yake da tsamin jiki. Rauni ne da ke ƙaruwa kwana bayan kwana ko ka huta, lambobin littafi suna sauka sati guda ko biyu, wataƙila da sabbin ƙuraje, ko ƙwarewa wajen haɗiya, ko murya ta canza. Ka kai wa likita littafin. Kuma dan Allah kar ka rage ko ka daina magani da kanka don kaga ƙarfi na dawowa, firedinisolon ba'a yanke shi lokaci ɗaya.

Ko ciwon ya tashi ba'a komawa kwanciya gaba ɗaya. Ana sauka ne zuwa mafi sauƙi, motsa kowace gaɓa iya iyakarta sau 5 a kan gado, matse cinya da ɗuwawu, zama a bakin gado, 'yar tafiya cikin ɗaki, in hannu baya ɗaguwa wani ya ɗaga maka a hankali don kafaɗa kar ta ƙage. Mai taimako ya tallafi hannun daga gwiwar hannu, kar ya ja mutum ta hammata ko ta yatsu wajen tada shi.

10. Ranar gwajin jini

Akwai gwajin CK, wato wani sinadari da ke fita daga tsoka zuwa jini in ta ji rauni, da likita ke bi da shi yana duba tsoka. Atisaye mai nauyi yana ɗaga shi na 'yan kwanaki ko a jikin mai lafiya, sai likita ya gani ya zaci ciwo ne ya tashi ya ƙara maka magani a banza. Don haka kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini ka tsaya a tafiya mai sauƙi da miƙa, kar ka ƙara nauyi ko sabon motsi a wannan satin, kuma in ka shiga wajen likita ka faɗa masa ranar da kayi atisaye na ƙarshe da irin wanda kayi, ya rubuta a gefen sakamakon.